Taswirar Gamba da Harawa: Muhawara Kan Ƙasar Noma da Kiwo a Jihar Damagaram

Ɗalibar Taswira:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a fannin ilimin ƙasa a nan Damagaram, kuma aikin da nake kammala karatu da shi shi ne zana taswirar da za ta nuna inda abincin dabbobi iri huɗu zai iya yin kyau a gonakin jiharmu, wato gamba, kyasuwa, waken harawa da lablab (wani nau'in wake mai yaɗo da ake shukawa don dabbobi). Hanyar da na bi tsohuwa ce, domin tun 1976 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin da ake raba ƙasa da shi gida huɗu: wadda ta dace sosai, wadda ta dace matsakaici, wadda ta dace da ƙyar, da wadda ba ta dace ba. Na ɗora bayanan ruwan sama, zafi, tsawon damina, irin ƙasa da gangaren wuri a kan juna cikin kwamfuta, sannan na maimaita lissafin da hasashen yanayin shekarun 2050.

A yanayin yau, gamba ta fito da kyau a Magarya, Dungas da Kance, inda ruwan shekara yakan wuce milimita 500, ta fito matsakaici a Mirya da kewayen birnin Damagaram, inda ake samun kimanin 400, sannan daga Tanut zuwa arewa taswirar ta yi ja, ma'ana ba ta dace ba. Abin da ya hana ni barci shi ne taswirar gaba, domin idan na yi amfani da hasashen wata cibiya sai layin gamba ya matsa arewa, idan na ɗauki na wata kuma sai ya koma kudu. Ina roƙon waɗanda suka san ƙasar nan da ƙafafunsu su gaya mini ko abin da na zana ya yi kama da abin da idanunsu suka gani.

Malam Na-Mirya:
Wa alaikumus salam, ƴata, Allah ya ba da sa'a. Na yi shekaru masu yawa ina aikin malamin gona tsakanin Mirya da Matamai kafin in ajiye aiki, saboda haka tambayata ta farko ita ce: taswirar irin ƙasa da kika yi aiki da ita, yaya girman kowane murabba'inta yake?

Ɗalibar Taswira:
Mita 250 ne kowane gefe, Malam. Taswirar duniya ce da ake samu kyauta a intanet.

Malam Na-Mirya:
To, ki lissafa da kanki, murabba'i ɗaya ya zarce hekta shida, kuma a kudancin jiharmu magidanta da yawa ba su mallaki rabin wannan ba. A cikin hekta shida a ƙasar Mirya za ki iya taka jigawa mai yashi wadda ruwa ke nutsewa cikinta nan take, ki gangara ki shiga geza mai tauri wadda sai an yi ruwa biyu kafin a iya shuka ta, ki tsallaka fako wanda ko tsidau ba ya fitowa a kansa, sannan ki ƙare a bakin fadama mai laka. Manomi yana da suna ga kowace ɗaya, kuma ya san abin da kowace ke karɓa, alhali kwamfutarki ta haɗa su duka ta ba su launi guda.

Sai dai abin da ya fi damuna game da gamba wani ne dabam. Lokacin da nake yaro, da wuya ki ga gona a yankinmu wadda ba a kewaye iyakarta da gamba ba, domin da ita ake saƙa zana, da ita ake rufin ɗaki da rumbu, kuma tohonta na farkon damina shi ke ceton dabbobin gida kafin sauran haki ya tashi. Farin 1973 da na 1984 sun kashe da yawa, wannan gaskiya ne, amma bayan ruwa ya dawo ba ta dawo yadda take ba. Mutane sun ƙaru, gado ya yanka gonaki ƙanana-ƙanana, an daina barin saura ta huta, garma ta cinye iyakoki, kuma da rani dabbobi na cin gindinta har ƙasa, masu neman haki na tumɓuke ta da saiwa. Don haka idan taswirarki ta ce gamba ta dace da Mirya, ba ta yi ƙarya ba, ƙasar tana iya ɗaukarta. Abin da ba ta gaya miki ba shi ne wanda zai tsare ta daga watan Janairu zuwa Yuni.

Ɗalibar Taswira:
Na gode, Malam. Wannan bayani ya warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Akwai hanya ta biyu ta zana irin wannan taswira, inda ake ba kwamfuta jerin wuraren da aka taɓa ganin tsiro, ita kuma ta koyi irin yanayin da yake so daga nan. Da na gwada ta, sai ta nuna gamba ta fi son gefen makabartu, harabar ofisoshi da filayen da aka killace, na ɗauka kuskuren lissafi ne na watsar da ita. Ashe katanga da shinge ta koya, ba ruwa da ƙasa ba.

Baba Ɗan Tanut:
Ɗana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa masa. Ƴata, na ji an ce kin shafa wa ƙasarmu jan launi, kin rubuta cewa ba ta dace ba. Ina so in tambaye ki, idan ba ta dace ba, me ke sa shanun kudu, har da na bayan iyaka, su hau zuwa Damargu, wato ƙasarmu ta Tanut, da abin da ke arewa da ita kowace damina, su sauko da kaka suna ƙyalli? Na yi kiwo, na yi fataucin dabbobi fiye da shekara arba'in, kuma duk mahaucin kasuwar Tanut ko ta Damagaram ya san bambancin sa da ya ci hakin arewa da wanda ya ci dogon hakin kudu. Namu gajere ne, amma yana da mai. Ƙarangiya da kuke zagi don tana kama muku tufafi, dabba na cinta ɗanya kafin ta yi ƙaya, ta kuma ci busasshiya bayan ƙayar ta zube, kuma a shekarun yunwa mutane ma sun sussuka ƴaƴanta sun ci. Ciyayi huɗu da kika zaɓa na masu gona ne, kin auna ƙasar makiyaya da mudun da ba nata ba.

Likitan Dabbobi na Gure:
Maganar Baba tana da goyon bayan bincike. A ƙarshen shekarun 1970 masana daga Mali da Holan sun yi dogon nazari kan makiyayar Sahel, kuma abin da suka gano ya sauya tunanin mutane da yawa: a kudu, inda ruwa ya ɗan wadata, abin da ke tauye ciyawa shi ne ƙarancin sinadaran naitirojin da fosfaras a cikin ƙasa fiye da ƙarancin ruwan kansa. Ciyawa takan yi tsawo ta yi yawa, amma ɗan sinadarin da ta samu sai ya rabu cikin kara mai yawa, ta zama cika-ciki kawai. A arewa kuwa ruwa ne ke yanke girmanta da wuri, sai ta tsaya gajera da sinadarinta a tattare, shi ya sa furotin ɗinta ya fi yawa. Makiyaya sun san wannan tun kafin a auna shi a ɗakin gwaji.

Akwai kuma lissafin da ma'aikatar kiwo ke yi kowace shekara bayan damina. Ana ɗaukar dabba mai nauyin kilo 250 a matsayin ma'auni, ana ƙiyasta tana buƙatar busasshen abinci kilo 6.25 a rana, wanda a cikin wata tara na rani ya kai kusan tan 1.7. Kuma ba duk hakin da ya fito ake lissafawa ba, kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke shiga cikin dabba, saura gara, iska, wutar daji da takun kofato ne ke rabawa. Ƙanwata, idan taswirarki za ta iya faɗin tan nawa hekta ɗaya za ta bayar, da kuma ingancinsa, za ta fi amfani gare mu fiye da launuka huɗu.

Ki kuma yi hattara da hoton tauraron ɗan adam. Yau akwai burtuloli da makiyayu a kudancin jiharmu da na Maraɗi waɗanda garmani ya mamaye su, daga sama kore shar suke, amma dabba ba ta cinsa sai dole ta kama ta. Tumfafiya ma haka take yaudarar mai kallo daga sama.

Ɗalibar Taswira:
Baba, ku gafarce ni. Jan launin yana nufin waɗannan iri huɗu ne ba za su yi ba idan an shuka su, ba wai ƙasar ba ta da amfani ba, amma na yarda cewa wanda ya ɗauki takardar bai karanta bayanin da ke ƙasanta ba zai fahimci abin da kuka fahimta. Likita, hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2 da nake da su suna gani har mita 10, kuma suna dawowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, amma raba garmani da kyasuwa a cikinsu sai an je an tsaya a wurin an ɗauki alama, kuma gajimaren Agusta yakan rufe rabin hotunan.

Hajiya Mai Turke:
Ni ban san taswira ba, tumaki nake turkewa a Zango ina sayarwa da layya, kuma abin da na sani shi ne damin harawar da na saya da kaka, idan bazara ta yi sai in biya ninkinsa ko fiye, dusa ma haka. Ina so in yi wa ƴata tambayar da matan unguwarmu za su yi mata. Wane magidanci ne zai cire hatsi daga gonarsa ya shuka haki, alhali rumbunsa ba ya kai shi wata shida? A ganina waken harawa ne kaɗai cikin huɗun nan ya riga ya sami wurin zama, domin ana shuka shi a tsakanin hatsi, iyali su ci ƙwaya, dabba ta ci ganye da ɓawon waken, ƙasa kuma ta ƙaru. Sauran ukun sai ki faɗa mana a wane lungu na gona za su zauna.

Malam Na-Mirya:
Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Gamba wurinta iyakar gona ne da layukan tare zaizaya, kyasuwa kuma wurinta fakon da aka farfaɗo da shi da rabin wata ko tassa, wato ramukan da ake haƙawa don tare ruwan sama, domin tana son inda ruwa ya ɗan kwanta da inuwar ƙananan itatuwa. Lablab yana neman danshi fiye da wake, don haka gefen fadama da lambunan Korama ne gidansa. Wannan yana nufin tambayar da ta kamata taswirar ta amsa ita ce: ina fako yake, ina gefen fadama yake, ina zaizaya ke cin gona? Babu mai ba ciyawa tsakiyar jigawarsa.

Mai Nazarin Yanayi daga Yamai:
Na jira aka gama maganar yau kafin in shiga maganar gobe, wadda ita ce ɗalibarmu ta ce ta hana ta barci. Ƙanwata, ba ke kika yi kuskure ba, saɓanin yana cikin ilimin kansa, kuma ya kamata ki bayyana shi a fili maimakon ki ɓoye shi.

Abu biyu ne ya wajaba a raba. Game da zafi, dukkan manyan cibiyoyin hasashe sun haɗu a kan cewa zai ƙaru. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2041 da 2060 zafin duniya zai ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri 2 idan hayaƙin masana'antu ya bi matsakaiciyar hanya, da kimanin 2.4 idan ya bi mafi muni, kuma doron ƙasa yana ɗumama fiye da teku, ke nan namu zai wuce wannan. Game da ruwan Sahel kuwa ba su haɗu ba. Mafi yawansu sun karkata ga cewa yammaci, wajen Senegal, zai bushe, tsakiya da gabas inda muke kuma za su ɗan ƙara samun ruwa, musamman a ƙarshen damina, amma akwai waɗanda suka nuna akasin haka, kuma ko masu cewa zai ƙaru sun bambanta ƙwarai a kan yawansa. Ki ƙara da cewa murabba'in na'urorin hasashen yanayi yakan kai kilomita 100 ko fiye, wanda zai iya haɗiye Damagaram da Magarya a loma ɗaya. Ana da dabarun rage shi zuwa kilomita ɗaya, sai dai ƙanƙantar da murabba'i yana ƙawata hoto ne, ba ya ƙara wa hasashen gaskiya.

Ko da jimillar shekara ta ƙaru, ciyawa ba jimilla take sha ba. Iska mai zafi tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi, kimanin kashi 7 cikin ɗari ga kowane digiri ɗaya, don haka tana tsotse ƙasa da sauri, idan kuma ta tashi zubarwa sai ta zubar da yawa a lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan guguwar ruwa mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Milimita 80 da suka sauka cikin dare ɗaya a kan fako kwararewa suke yi su tafi kwari, ba daidai suke da milimita 80 da suka rabu gida huɗu cikin wata ba. Haki mai fitowa daga iri kowace shekara, kamar kyasuwa da burburwa, abin da ke kashe shi shi ne ruwan farko ya sauka ya tsiro, sannan a yi kwana ashirin babu ɗigo. Gamba mai tsohon gindi da saiwa mai zurfi ta fi jure wannan, amma a shekararta ta farko ita ma jaririya ce. Wake kuma zafin dare yana zubar masa da fure, ko da yake mai neman ganye bai kai mai neman ƙwaya asara ba.

Shawarata ita ce kada ki zaɓi hasashe ɗaya, kuma kada ki haɗa su ki raba ki fitar da matsakaici, domin matsakaicin jiƙa da bushewa yanayi ne da babu cibiyar da ta hango shi. Ki yi lissafin da kowanne dabam, sannan ki zana inda duka suka yarda gamba za ta yi, inda duka suka yarda ba za ta yi ba, da ɗamarar da ke tsakani inda suka saɓa. Ina zaton ɗamarar nan za ta faɗo daidai kan Mirya, Takeita da Damagaram Takaya, inda mutane suka fi buƙatar amsa.

Malam Na-Mirya:
Mu da muka ga 1984 mun san ɗamarar nan ba a takarda kawai take motsi ba, domin a shekarun farin layukan ruwan sama sun koma kudu da fiye da kilomita 100, sannan daga baya suka fara dawowa. Amma ina da gyara ɗaya ga ku masu lissafi baki ɗaya: kun manta da itace. A Mirya, Magarya da Matamai, abin da ya fi kowace ciyawa ciyar da dabba a ƙarshen rani shi ne gawo. Yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani, ya zubo da ƴaƴa a lokacin da babu komai a ƙasa, har mata da yara suna tsinta suna kaiwa kasuwa. Manoman nan da kansu suka dawo da shi ta hanyar sassaben zamani, wato barin toho ya girma a gona maimakon a sare shi, kuma an ƙiyasta cewa filin da aka farfaɗo da shi ta wannan hanya a Nijar ya kai hekta miliyan biyar, mafi yawansa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A ƙarƙashin gawo ƙasa ta fi sanyi, ta fi taki, kuma hakin da ke fitowa can dabam yake da na fili. Idan zafi ne abin da kuka tabbatar, to gona mai gawo ashirin da gona marar ko ɗaya ba yanayi ɗaya za su shiga ba a 2050, ko da suna cikin murabba'i ɗaya.

Baba Ɗan Tanut:
Malamin Yamai ya faɗi abin da ya fi tayar mini da hankali, ko da yake shi da kyakkyawar niyya ya faɗa. Idan aka fitar da takarda mai hatimin jami'a tana cewa nan gaba ruwa zai ƙaru a arewa, kuma abin shuka zai yi a inda ba ya yi yau, wa kuke tsammani zai fara ɗaukarta? Mai kuɗi ne da ke neman filin da zai kewaye da waya. Tun 1961 gwamnati ta ja layi ta ce arewa da shi ƙasar kiwo ce, har ta ce wanda ya yi gona a can dabba ta ci ba shi da diyya, amma ku zo ku gani gonaki nawa suka haura layin. Duk shekarar da aka yi ruwa mai kyau sai a sare sabon daji, idan fari ya zo a gudu a bar mana ƙasa tsirara, iska ta kwashe. Ni da za a bi tawa, taswirar ta tsaya a inda gonaki suka tsaya.

Malam Na-Mirya:
Baba, a nan kam ban bi ku ba, tare da girmamawa. Wanda ke son cin fili ba ya jiran taswirar ɗaliba, kuma ɓoye ilimi bai taɓa tsare burtali ba. Manoman da suka haura ma ba duka masu kuɗi ba ne, akwai talakawan da gonar gado ta yi musu kaɗan. Ina ganin taswirar da ta nuna a fili cewa ruwan arewa na shekara ɗaya ne cikin uku ko huɗu, kuma hakin da ke fitowa da kansa ya fi duk abin da za a shuka daraja, makami ce a hannunku a gaban hukuma.

Baba Ɗan Tanut:
Malam, kai ka san takarda, ni na san waɗanda ke karanta ta. Amma na ji, idan za a rubuta darajar hakinmu a cikinta da manyan baƙaƙe, ban hana ba.

Likitan Dabbobi na Gure:
Doka tana bayan Baba a rubuce. Kundin dokokin karkara na 1993 shi ya kafa hukumomin kula da filaye da muke kira kofo, daga gunduma har ƙauye, kuma dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa zirga-zirga haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma bar layin 1961 a matsayinsa. Abin da ƙanwata za ta iya yi cikin sauƙi shi ne ta nemi taswirar burtuloli, makiyayu da mashayu da aka riga aka shata, ta cire su daga lissafin shuka gaba ɗaya, ta ba su launinsu na kansu.

Ina kuma roƙon kada a manta da mu na gabas. A ƙasar Gure rayuwa tana cikin kwaruruka ne, tsakanin tuddan yashi, inda ruwan ƙasa yake kusa, ake da dabino da goruba da lambuna. A can ruwan sama ba shi ne alƙali ba, zurfin rijiya da yawan kanwa su ne ke yanke hukunci, domin kwari biyu na iya zama maƙwabta, ɗaya ya ɗauki ciyawar alfalfa da ban-ruwa, ɗayan kuma kanwa ta fito masa fari fat ba ya ɗaukar komai. Babban abokin gaba kuma yashi ne mai tafiya, wanda ake tarewa da shingen kalimbo kafin a watsa irin haki a tsakani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin bayanan da kika lissafa.

Wani abu kuma da zai ba ku dariya ko tsoro: gambar nan tamu an kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 domin kiwon shanu, da sunanta na Hausa suke kiranta har yau, ta dace da ƙasar fiye da kima, ta tsere daga gonaki, tana haddasa gobarar daji mai kashe itatuwa, har a 2012 suka saka ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Na kawo wannan ne saboda baƙin iri da ake ta tallatawa yanzu a lambuna. Duk irin da taswira ta ce ya dace ko'ina, a fara gwada shi a ƙaramin fili da ido a kansa.

Hajiya Mai Turke:
Mu a nan neman ta muke da kuɗi, su can suna kashe kuɗi su kashe ta, ikon Allah. Ƴata, ni buƙatata ƙarama ce. Ƙanena yana da gona a hanyar Mirya mai fako a gefe guda, idan kin gama ki gaya mana ko ya haƙa rabin wata ya zuba kyasuwa, ko ya dasa gamba a bakin ramukan, ko duka biyun.

Ɗalibar Taswira:
Hajiya, bisa abin da na ji yau zan ce duka biyun, kyasuwa a cikin rami don a sami abin yanka a shekarar farko, gamba a kan gaɓa don shekarun da ke tafe, amma Malam ya fi ni sanin wannan. Ga abin da zan gyara, kuma na riga na rubuta wa malamin da ke duba aikina. Zan cire jan launi daga arewa, in ware ƙasar kiwo da burtuloli da launin kansu tare da bayanin ingancin hakinsu. Zan zana hasashen gaba gida uku kamar yadda yayana na Yamai ya ce, in ƙara tsawon ranakun da ruwa ke yankewa a farkon damina cikin ma'aunaina. Kwaruruka na Gure sun fi ƙarfin wannan aiki, zan faɗi haka a fili in bar su ga wanda zai auna rijiyoyi. Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne jigawa, geza da fako, domin babu taswirar da ta raba su da sunayen da manoma ke kiransu, sai dai in zaɓi ƙauyuka kaɗan in zana su da hannu tare da masu gonakin.

Malam Na-Mirya:
Haka za ki yi, kuma ƙauye uku da aka taka sosai sun ishe ki farawa: ɗaya a Magarya, ɗaya a Mirya, ɗaya a Damagaram Takaya. Ki zo a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin gamba ta fitar da kai ana gane ta daga nesa, kuma kafin a saki gonaki dabbobi su shiga. Ki fara gaida mai gari kafin ki fito da na'urarki, ki nemi tsofaffin masu saƙar zana domin su ne suka san inda kowane gindi ya rage da inda ya ɓace. Na Mirya ni zan raka ki da kaina idan Allah ya kai mu. Hajiya, ki ce wa ƙanenki ya fara haƙa tun cikin rani, ya zuba taki a ramukan, kuma ya tanadi ƙayar da zai kewaye wurin kafin ya nemi iri.

Baba Ɗan Tanut:
Idan kin gama da su ki hau mota ki zo Tanut, in sa yara su kai ki inda shanu ke kwana. Ki zo da takalmi mai rufi, ƙarangiya ta nuna a lokacin.